Taga Uku a Saman Bango

Aji ɗaya na gina a rayuwata, kuma ba a taɓa karatu cikinshi ba. Bana aka rushe shi. Wani ɗan garinmu da ke kawo wake kasuwar Tasawa ya tsaya gaishe ni, yake gaya mani an kafa dogon ƙarfen tarho a wurin. Ya ce sai da motar rusau ta ja da baya sau uku kafin bangon ya faɗi. Ya faɗa ne don in ji daɗi. Ban ji ba.

Ni magini ne, ɗan magini. Garinmu ƙarami ne, tsakanin Tasawa da Mayahi, cikin rairayin da goriba ta fi mutane yawa. Da na tashi babu agogo a garin, kuma ba wanda ya makara. Luguden mata ke tada mu. Daga nan sai kukan itacen rijiya in sa ya fara jan guga, sai jakuna, sai muryar Baba yana kiran sunana sau ɗaya. Ba ya kira sau biyu. Aikina tun ina ƙarami taka ƙasa ne. A haƙo ta daga kududdufi, a zuba ruwa, a watsa ciyawa, ka shiga da ƙafa har sai ta bar kama ka ta koma kama kanta. A rufe ta ta kwana uku. Sannan a cura tubali da hannu, ɗaya bayan ɗaya, a jera a rana. Baba ba ya yabo. In tubalinka ya yi, sai ya wuce. In bai yi ba, sai ya taka shi da diddige ya wuce. Yau yaro ya zuba siminti da yashi cikin akwatin ƙarfe ya kife, ya ce shi magini ne. Ɗakin da suka gina, da rani tanda, da ɗari randa, shekara biyar ya tsage. Ba su san warin ƙasar da ta nuna ba. Ba su ma san tana nuna ba.

Shekarar da aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, dogari ya zo bisa doki da wani mai takarda. Aka ce kowane gida mai yara ya ba da ɗaya. A lokacin, kai yaro lakwal kamar kai shi kushewa ne. Mata na kuka, maza na ɓoyo. Baba ya ɗaga ni ya jefa cikin rumbu, ya rufe ni da damman hatsi. Ya kama hannun Ila ya miƙa. Ila ɗan ƙanwarshi ne, uwar ta rasu, uban ya tafi bai dawo ba, a gidanmu yake. Ina cikin rumbu ina jin shi yana kiran Kawu, Kawu, har muryar ta yi nisa. Da aka fito da ni aka ce Allah ya tsare ni. Ranar na ci tuwona na ci nashi.

Ni da Ila taubasai ne, shi ɗan mace ni ɗan namiji, don haka ba ma gaisuwar kirki. Ni in ce bawana, shi ya ce bawana. Duk hutu in ya dawo sai na tare shi bakin gari in ce ya durƙusa ya gai da ubangijinshi, shi kuma ya ce in karɓi jakarshi tun da ɗaukar kaya ne gadona. Ya yi kai, ya wuce har kwaleji a birni. Amma akwai abin da bai taɓa yi mani dariya a kanshi ba. Ya ce a lakwal ɗinsu ta farko akwai ƙashin jaki ɗaure da igiya. Duk yaron da ya kuskura ya yi Hausa sai a rataya mashi a wuya, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya rataya mashi. Wanda ƙashin ya yini a wuyanshi shi ke shan bulala. Ya ce shekara biyu ya yi bai buɗe baki ba, ba ya jin mushe, watau malamin, kuma yana tsoron nashi harshen. Daga garinmu an tafi da su shida. Shi kaɗai ya tsaya. Sauran sun dawo ba karatu ba noma.

Sai fari ya zo, sai soji suka karɓi mulki. Mu dai a ƙauye abin da muka gani na sauyi shi ne an hana taro. In ba suna ko jana'iza ba, mutane ba su zama da yawa wuri ɗaya sai da takarda. Damanar nan ruwan farko ya sauka da ƙarfi, kududdufi ya cika, muka yi shuka. Daga shi ba a ƙara ba. Hatsi ya kai idon sawu ya tsaya, ya yi fari, iska ta kwashe. Abin da na fi tunawa shirun garin. Lugude ya mutu. Mata na fita da ƙwarya tsintar anza, ɗiyan itacen nan mai ɗaci da sai an jiƙa kwana da kwanaki kafin ya ciwu. Wasu na tonon gidan tururuwa. Samari suka fara sulalewa kudu, ɗaya ɗaya, da sanda da gora.

A cikin wannan hali Ila ya dawo hutu da abokan karatunshi goma sha biyu, har da ƴan mata biyu. Wasu daga wajen Attantane, wasu daga wajen Korgom. Ashe sun daɗe da haɗa kai a kwaleji. Abin da suke nema a sauya shi ne: a fara wa yaro karatu da harshen da ya sha a nono, a jefar da ƙashin jaki, a kuma bar babba ya shiga aji in yana so. Sun rubuta wa hukuma, an ce masu Hausa ta kasuwa ce ba ta aji ba. Sai suka ce a ba su gari ɗaya su gwada a gani. Suka zaɓi namu, tun da babu lakwal, babu kuma noman da zai hana kowa zama. A biro, wato ofishin hukuma, aka ce masu, ku nuna ɗaki tukuna, sannan a duba maganar takarda.

Na biyun Ila wani dogon Bafillace ne, Dogo muke ce mashi, rugarsu na gabas da mu. Shi ya ce a kafa rumfar zana, kwana biyu an gama. Na ce rumfa ta awaki ce. In aji za a yi, na ƙasa za a yi, ni zan gina.

Ila ya dube ni. "Bawa, kai da aka ɓoye don kada ka ga aji?"

"Sai ka biya ni."

"Da me? Ko kwabon shan fura ba ni da shi."

"Da abin da ke cikin kanka. Ka sa ni layin gaba."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ga ban yi ba, sai ya bari. Ya ce, "Da gaske kake." Na ce ban taɓa yin da gaske kamar yau ba. Ina da shekara ashirin da wani abu, da mata da ɗiya a goye, kuma duk takardar da aka miƙo mani sai in nemi wanda zai gaya mani ko a miƙe na riƙe ta. Na gaji.

Matata ba ta so ba. Ta ce, "Maigida, sa'o'inka duk sun yi kudu. Masu ƙafa na tafiya tun da sauran ƙafar." Na ce in an buɗe aji na iya karatu, ko kudun na je ba wanda zai cuce ni. Ta ce, "To. Ranar da anza ta ƙare sai ka kawo harafin in dafa." Ba ta ƙara tada maganar ba.

Gini ruwa yake ci, kuma ruwan da ya rage shi ne na kududdufi. Rijiya ta yi ƙasa, ta mutane ce kawai. Kududdufin nan shi sauran shanun uban Dogo ke sha. Muka je rugar da hantsi, ni da Ila da Dogo. Tsohon na zaune yana tufkar igiya. Dogo ya yi mashi bayani da Fillanci, ya daɗe. Tsohon bai ɗaga kai ba sai da ya kai ƙarshen igiyar, sannan ya amsa da Hausa don mu ji.

"Ku ɗauki ruwan. Zan kai su rijiyar arewa. Amma in ɗakin ya tashi a bar mani wuri, ko bakin ƙofa ne. Ina so in ga yadda ake rubuta saniya."

Rijiyar arewa rabin yini ce. Shanu biyu ba su dawo daga wannan hanya ba.

Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba, ban kuma ƙara gani ba. Gayyar da muka sani ana yin ta da kiɗa da fura da tuwo. Wannan ba kiɗa, ba fura. Ƴan kwaleji masu hannun auduga suka tuɓe riga suka shiga laka, tafinsu ya fashe, suna ɗaure shi da tsumma su koma. Ƴan matan nan biyu suna ɗaukar tulu tare da matan gari. Da rana kowa ya ci anza cikin tafin hannu ɗaya. Suna gardama kullum, rabi Hausa rabi Faransanci, kan da wane harafi za a fara, kan ko mata da maza za su zauna tare. Ina jin su ina cura tubali. Wata safiya Ila ya tsuguna gefena, ya sa yatsa a kan ɗanyen tubali ya zana wani abu. Ya ce, "Wannan harafin sunanshi a. Biyan farko ke nan, kada ka ce na ci haƙƙinka." Kullum harafi ɗaya. Shi ya zana a kan ɗaya, ni in zana a kan hamsin. Sai da muka kai tara.

Da bango ya kai ƙugu aka aiko su je birni su bi takardarsu da kansu. Kafin su tafi Ila ya ɗauki kara ya auna mani a jikin bango. Taga huɗu, biyu kudu biyu arewa. Faɗin kowace hannu biyu a miƙe, tsayinta daga ƙugu har ta wuce kai. Ya ce, "Ka ji ko, bawa? Manya." Na ce na ji. Suka tafi a ƙasa. Sun zaci kwana uku ne. Kwana goma sha tara suka yi, kullum ana ce masu su dawo gobe.

Baba lokacin ya tsufa, ba ya hawa bango, sai dai a shimfiɗa mashi buzu a inuwa yana kallo. Ya ga alamun karan, ya kira ni.

"Mene ne wannan?"

"Taga, Baba."

"Wa ya auna?"

"Ila."

"Ɗaki nawa ya gina?"

Ya nuna alamun da yatsa.

"Wannan ai raƙumi ya shiga ta nan da kayanshi. Rana ta shiga, iska ta shiga, bango ya rasa abin da zai tsaya a kai. In ya faɗo kan ƴaƴan mutane, sunan wa za a kira? Nashi?"

Ba zan ɗora wa Baba ba. Ya faɗi abin da ke raina ne. Tun ina yaro aka koya mani cewa taga ba ta wuce inda kan yaro ba zai shiga ba, kuma sama take, inda mai wucewa ba zai leƙa ba. Haka kakana ya gina, haka duk ɗakin mutunci yake a ƙasarmu. Ina da kututturen goriba da zai iya ɗaukar bango a kan manyan tagogi, ba rashi ba ne. Na dai ce a raina, su takarda suka sani, ni ƙasa. Ban taɓa shiga aji ba. Ko Tasawa na je, in na zo wajen lakwal sai in tsallaka ɗaya gefen hanya, tsoron yarinta bai sake ni ba. Karatun da na sani na zauren malam ne, inda ake biya wa mutum da baki ya riƙe da ka. Ban san cewa wannan karatun ido yake ci ba, mutum arba'in su zuba ido kan bango ɗaya. Na shafe alamun da tafin hannu. Na tada bango mai kaurin kamu ɗaya da rabi, na bar taga uku can sama kusa da rufi, kowace kamar bakin tulu. Na jera goriba, na shimfiɗa zana, na zuba ƙasa. Na cire ƙyauren zaurenmu mai nauyi na sa mashi. Mata suka yi daɓe. Ranar da na gama yaɓe, ranar kududdufi ya koma busasshen taɓo. Na tsaya na dubi ɗakin, na ce ban taɓa gina kamarshi ba. Gaskiya ce.

Suka dawo da azahar, ƙafafu sun kumbura, amma suna murna. An ce jibi za a zo a ga ɗakin. Ila ya zagaya shi sau ɗaya daga waje. Ya shiga. Na bi shi. Ya ciro littafi daga aljihu ya buɗe, ya kai shi kusa da hanci, ya juya gabas, ya juya yamma.

"Ina tagogina?"

"Ga su can. Uku."

"Waɗannan na tantabaru ne."

"Ka ji sanyin ɗakin kuwa? Waje wuta ake."

"Na ji. Kabari ma da sanyi." Ya miƙo mani littafin. "Ga a ɗinka nan a shafin farko. Nuna mani ita."

Ban ga ko shafin ba. Dogo ya ce a kawo gatari a fasa yanzu. Na ce in aka fasa busasshen bango a ƙarƙashin rufi sai an tokare, an sa itace, an cike da ɗanyar ƙasa, kuma babu ruwan kwaɓa ko tulu goma a garin nan sai na bakin yara. Wannan ma gaskiya ce. Ɗaya daga ƴan matan ta zauna a kan daɓe ta sa kai cikin gwiwa. Ila ya ce ba komai, za mu roƙa a ba mu lokaci, a buɗe ƙofa a yi karatu da haskenta kafin ruwa ya sauka.

Ranar zuwansu aka share gari kamar salla. Mutanen da ba su da ƙarfin tsayuwa suka jeru a rana tun hantsi. Uban Dogo ya zo da rigarshi ta kirki, sanda a kafaɗa. Mota ta iso bayan azahar. Mutum biyu suka fito: wani mai kaki, saurayi, ba zai girme ni ba, da wani babban mushe mai duba makarantu. Mushen nan Bahaushe ne, na ji shi da kunnena yana yi wa direba faɗa da Hausa. Amma da ya juyo gare mu sai Faransanci, sai an fassara. Mai kakin yana da kwalbar ruwa naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Ya sha a gabanmu, ya kurkure baki ya zubar.

Suka shiga. Ba su daɗe ba suka fito, mushen na kaɗa kai, mai kakin na murmushi. Mai kakin ya naushi bangon ya saurara.

"Wa ya gina wannan?"

Na fito gaba. "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ɓera na shiga?"

"Ko tururuwa, ranka ya daɗe."

"Ɓarawo fa?"

"Sai dai ta ƙofa. Ita kuma ka ga ƙyauren."

"Ruwan sama?"

"Shekara talatin ba ɗigo."

Ina faɗa ina jin kaina na girma. Na ga Ila na yi mani alama da ido, na zaci kishi ne na taubashi. Mai kakin ya juya wajen mai gari ya ce, "Wata uku ina neman inda zan ajiye hatsin taimako a yankin nan. Ashe kun gina mani magaza kuna zaune."

Ila ya matso. "Ranka ya daɗe, aji ne."

Mushen ya yi magana doguwa. Abin da ta ƙunsa, babu haske, doka ba ta san wannan da aji ba. Ila ya ce a ba mu zuwa saukar ruwa mu fasa tagogi. Mai kakin ya ce ba a fasa magazar gwamnati. Ila ya ce to mu yi ƙarƙashin gawo, ga inuwa ga haske kyauta. Mai kakin ya ce, "Wannan taro ne. An hana taro." Sai Dogo ya faɗi wata magana gajera da Faransanci. Murmushin mai kakin ya tafi. Ya ciro alƙalami ya ce kowane ɗan kwaleji ya faɗi sunanshi. Daga baya na tambayi Dogo abin da ya ce. Ya ce, "Tambayarshi na yi ko shi ma a magaza ya yi karatu."

Abin da ya biyo baya shi ne har yau in na tuna nake jin yawu mai ɗaci. Mai gari, wanda jiya ya ce ajin nan shi ne zai fara zama cikinshi, ya zube yana godiya har rawaninshi ya kwance. Dattawan da suka sa wa yaran nan albarka suka juya suna ce masu marasa kunya, ku rufe baki a gaban manya. Mata suka rangaɗa guɗa. Ƴan kwalejin na tsaye da tsumma a hannu, ba wanda ya dube su. Ba wanda ya ce ruwanmu ne, guminmu ne, a bar mamu ko kusurwa ɗaya. Ni ma ban ce ba. Mai kakin ya dafa kafaɗata, na ce na gode. Uban Dogo ya tsaya har mota ta tafi, ya leƙa cikin ɗakin sau ɗaya, ya gyara sandarshi ya kama hanyar ruga.

Hatsin ya zo, ba zan yi ƙarya ba. Jar dawa ce mai murɗa ciki, irin wadda a wata ƙasa dabba ake ba. Makulli na hannun mutanen mai gari, kuma ranar kasuwa jakuna kan fita da buhuna ta bayan gari. Abin da ya rage muka ci. Na ci, matata ta ci, ɗiyata ta rayu. Duk lomar da na kai baki na san daga wane ɗaki ta fito.

Da hutu ya ƙare aka kori biyar daga kwaleji, Ila da Dogo a ciki. Sauran aka sa su suka rubuta cewa an yaudare su. Dogo ya bi sauran shanun ubanshi. Ila ya dawo ya kwana biyu, ya ɗaure ƙunshi. Na tarar da shi da safe a bakin busasshen kududdufin. Na ce, "Bawana, ina za ka ba izinin ubangijinka?" Bai rama ba. Tun da muka iya magana bai taɓa barin tawa ta faɗi ƙasa ba sai ranar.

Ya ce, "Ba kai kaɗai ba ne. Da Kawu ya bari an tafi da kai, da ka ga taga." Ya miƙo mani hannu kamar baƙo. Ya yi kudu. An ce ya yi rubutun wasiƙa a bakin wata tasha shekaru, a can ya rasu. Ko ya aiko mani da wasiƙa ban sani ba. Ina jin ya san ba amfani.

Ni kuwa sunana ya fita. Mai kakin ya gaya wa na kusa da shi, su ma suka gaya wa wasu. Duk inda za a gina magaza sai a ce a nemo mutumin nan. Na gina a wajen Korgom, na gina a wajen Mayahi, na gina har Maireyrey. Kauri kamu ɗaya da rabi, taga uku a sama. Da wannan na ciyar da gida har fari na biyu ya zo ya wuce, da shi na aurar da ƴaƴa. Mutane na ce mani mai sa'a.

Yanzu ko'ina lakwal. Tagogi manya, na ƙarfe, raƙumin Baba zai shiga da kayanshi. Haske har ya yi yawa. Ba mai ɓoye yaro a rumbu, iyaye ke kai su da kansu suna roƙo. An ce ba a rataya ƙashin jaki kuma. Amma ina wucewa ina jin su, yara sun fi ɗari a ɗaki suna maimaita abin da ba su ji ba, mushen na waje yana danna tarho. Wata sa'a wata guda babu mushen ma. In ƴan makaranta sun fusata sai su ƙona taya a hanya, su jefi mota, su koma gida cin abinci. Ban ce ba su da gaskiya ba. Amma ban ga wanda zai yi tafiyar kwana a ƙasa da anza a ciki don wani ƙaton magini ya iya karatu ba. Waɗancan goma sha ukun sun yi, kuma garin da suka yi wa ko sunayensu bai riƙe ba.

Watan jiya likita ya ba ni takardar magani. Na kira jikata, wadda ta shekara shida tana zuwa lakwal.

"Amarya, zo ki karanta wa mijinki."

"Tsoho, wa zai aure ka? Kawo."

Ta karɓa, ta duba, bakinta na motsi. Ta kira haruffan ɗaya ɗaya, da kyau, da irin muryar aji. Na ce to me aka ce? Sau nawa zan sha? Ta ce ba a koya masu wannan ba tukuna. Ta riƙe mani hannu muka tafi wajen mai sai da magani ya karanta mamu, mu biyu.

Ina Tasawa yanzu, gidan ɗiyata, bayan tasha. Gwiwa ta ƙi, hannu na rawa, na bar hawa bango. Harafi tara na sani. Ina ganin su a jikin motoci da buhunan siminti, ina gane su, ba su taɓa haɗuwa sun gaya mani komai ba.